Ƙullutu a Jikin Ɓeran Masar: Jagora ga Masu Kiwo a Jibiya da Kewaye

A gidaje da yawa na Jibiya da Magama, idan ka leƙa bayan ɗaki ko gindin katanga, za ka tarar da ɗan keji ko akurkin laka da yara suka gina, ɓerayen Masar na ta kai-kawo a ciki suna cin ciyawa. Sau da yawa su ne dabbar farko da yaro ke mallaka kafin ya kai ga zomo, tattabara ko tunkiya. Ga araha, ga saurin hayayyafa, ba su kuma cizo sai an matsa musu. Amma ranar da aka ɗaga ɗaya aka ji wani ƙullutu a ƙarƙashin haɓarsa ko a gadon bayansa, nan kowa ke zama likita. Wani ya ce a matse, wani ya ce a sa reza, wani ya ce a buɗe kafso a zuba masa a ruwan sha.

Yawancin ƙullutun da ke fito wa ɓeran Masar ba su kisa da gaggawa, da yawansu ma suna warkewa sarai. Abubuwa biyu ne ke saurin kai shi ƙasa: maganin da cikinsa ba ya ɗauka, da daina cin abinci. Hannu kuwa, komai ƙwarewar mai shi, ba ya iya rarrabe ƙurji da ƙari da tsutsa. Saboda haka aikin mai kiwo shi ne ya duba da kyau, ya rubuta abin da ya gani, ya tsare dabbar daga maganin kara-zube, sannan ya kai ta gaban likitan dabbobi tana da sauran ƙarfi.

Fara sanin abin da halitta ce

Kafin hankali ya tashi, a san cewa wasu tudun na jikin dabbar halittarta ce. Namijin da ya balaga yana da manyan 'ya'yan maraina biyu a gefen duburarsa, dama da hagu. Namiji da mace duka suna da kan nono guda biyu a ƙasan ciki. A can ƙarshen baya, daidai inda jela kan fito wa sauran dabbobi, akwai wani ɗan wuri mai maiƙo wanda kan yi ɓawo idan datti ya taru, musamman ga namiji. Tsohon namiji kuma kashi kan dunƙule masa a aljihun dubura, sai an riƙa share masa da ruwan ɗumi. Duk abin da ke gefe ɗaya babu irinsa a ɗaya gefen, ko wanda jiya babu shi yau akwai, shi ne abin bincike.

Yadda ake dubawa

Ka zauna a ƙasa, ka shimfiɗa tsumma a cinya. Hannu ɗaya ya riƙe ƙirji, ɗayan ya tallafi ƙugu. Kada a ɗaga shi ta fatar wuya, kada a kwantar da shi rigingine na tsawon lokaci. Ka bi jikin da tafin yatsu a hankali: haɓa, gefen muƙamuƙi, wuya, hammata, gadon baya, ciki, kan nono, matsematsi, sannan tafin ƙafa. Idan ka ci karo da ƙullutun, ka amsa wa kanka waɗannan tambayoyi:

1. A ina yake, kuma guda nawa ne?
2. Santimita nawa ne faɗinsa? Ka auna da rular makaranta, ka ɗauki hoto da waya rular na gefe.
3. Yana da tauri ko laushi? Yana motsi a ƙarƙashin fata ko ya manne?
4. Wurin na da zafi? Dabbar na kuka idan an taɓa?
5. Akwai ɗan rami, ɓawo, jini ko wari?

Daga nan sai awon nauyi da ɗan sikelin kicin. Babban ɓeran Masar yakan kai giram 700 zuwa 1,200. Dabba ce da a dawa farautarta ake yi, don haka ta iya ɓoye ciwo. Sikeli ne ke tona mata asiri. Idan ta rasa kashi ɗaya cikin goma na nauyinta, maganar ta wuce wasa. Ka rubuta kwanan wata da duk abin da ka auna a bayan littafi, ka sake awo bayan kwana biyu ko uku.

Wurin da ya fito yana ba da haske

*Wuya da ƙarƙashin haɓa.* Wannan shi ne ya fi yawa, kuma ya fi shafar garke. Akwai wata ƙwayar cuta ta dangin sitireftokokus da ke zaune a hanci da maƙogwaron ɓerayen Masar da yawa ba tare da ta yi musu komai ba. Da zarar wani abu mai tsini ya karci cikin baki, sai ta shiga ta sauka a kaluluwar wuya, ta tara mugunya. A ƙasarmu abin da ke yin wannan karcin ba ɓoyayye ba ne: ƙarangiyar da ke biyo ciyawar da aka yanko, ƙaiƙayin gero, da busasshen karan harawa mai kaifi. Cizon da maza ke yi wa juna ma hanya ce. Mugunyar ɓeran Masar kauri gare ta kamar awarar da aka marmasa, kuma tana cikin wata jaka mai kauri da jiki ya gina mata. Shi ya sa huda da allura ba ta zubar da ita, matsi kuma na iya fasa jakar ta ciki cutar ta bi jini, ta kai huhu ko kunne. Idan ƙurjin ya fashe a keji, sauran ma sai su kwasa.

*Gefen muƙamuƙi.* Haƙoran ɓeran Masar guda 20 ne, kuma duk tsawon rayuwarsa tsiro suke yi. Idan ba ya samun isasshiyar ciyawar da zai tauna, sai su yi tsawo su karkace, tushensu ya yi ƙurji. Alamarsa ƙullutu mai tauri da ya manne wa ƙashi, ga dalalar miyau, ga abinci na faɗowa daga baki. Wannan ba ya warkewa sai an gyara haƙorin.

*Gadon baya da ƙugu.* A nan aka fi samun wani ƙari da ke tsirowa daga tushen gashi, ko jakar maiƙo da ta toshe. Yakan yi girma a hankali, ba ya zafi, wani lokaci ya ɓule ya fitar da abu mai toka-toka. Galibi ba ciwon daji ba ne, kuma tiyata na raba dabbar da shi har abada. Akwai kuma dunƙulen kitse mai laushi da ke motsi a ƙarƙashin fata, wanda sau da yawa ido kawai likita zai ce a sa masa.

*Kan nono.* Mutane kan yi mamaki, amma namijin ɓeran Masar na samun ƙarin nono kamar mace. Wasu daga ciki ciwon daji ne da ke iya bazuwa zuwa huhu, don haka ba a jinkiri da shi, balle idan nonon na fitar da jini. Mace mai shayarwa kuma, kumburi mai zafi da ja ciwon nono ne, yana buƙatar magani da wuri.

*Ciki.* Cikin ɓeran Masar yana ɗaukar kwana 59 zuwa 72. Idan an raba mace da namiji fiye da wannan lissafi amma har yanzu cikinta na bunƙasa, to ba juna biyu ba ne. Matan da suka wuce shekara biyu sukan yi fama da jakunkunan ruwa a gidan ƙwan haihuwa. Sau da yawa za a ga gashin gefen ciki na zubewa dama da hagu daidai, ba tare da ƙaiƙayi ba.

*Ƙurji mai rami a tsakiya.* Da damina akwai wani ƙuda da ke zuba ƙwai a yashin inuwa da fitsari ko kashi ya ɓata. Tsutsarsa kan huda fatar 'yan kwikwiyo, ɓeraye, har da yara, ta zauna ciki kwana 8 zuwa 12 tana girma. Idan ka lura da kyau za ka ga wani abu na motsi a bakin ramin. Ana shafa Vaseline a rufe ramin, numfashi ya gagare ta, ta leƙo a zare ta gaba ɗaya. Kada a murƙushe ta a ciki, domin guntun da ya rage ruɓewa zai yi. Dabbar da ke kwana a kan yashi ta fi fuskantar wannan.

*Gaɓoɓi da tafin ƙafa.* Ɓeran Masar, kamar ɗan Adam, jikinsa ba ya ƙera bitamin C. Makonni biyu zuwa uku yana cin dusa da busasshiyar harawa kaɗai sun isa gwiwoyinsa su kumbura, ya riƙa ɗingishi, dasashi ya yi jini. Tafin ƙafa mai kumburi da gyambo kuwa yawanci ragar waya ce ko daɓen siminti mai laima ya jawo.

*Wurare da yawa lokaci guda.* Idan kaluluwa ta tashi a wuya, hammata da matsematsi gaba ɗaya, dabbar kuma na ramewa, ana tsoron ciwon daji na jini. Wannan bai cika jin magani ba.

Alamun da ba a kwana da su

Ƙullutun da ba ya zafi, dabbar na ci tana wasa, yana iya jiran kwana biyu ko uku a shirya tafiya. Amma a nemi likita a ranar idan ta ƙi cin abinci tun daga safe har dare, ko kashinta ya ragu ko ya tsaya, ko numfashi na yi mata wuya, ko kanta ya karkace gefe, ko ƙullutun ya ninka cikin 'yan kwanaki, ko ya fashe yana wari. Hanjin wannan dabba ba ya son hutu. Idan ya tsaya na yini guda, iska ta cika shi, hanta ta fara lalacewa, sai ƙaramin ciwo ya zama ajali.

Abin da ba a yi

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ɓeran Masar yana narkar da ciyawa ne da taimakon wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cike da babban hanjinsa. Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta na share waɗannan masu amfanin, sai wata muguwar ƙwaya ta samu fili ta zuba guba. Bayan 'yan kwanaki sai zawo, sai sanyin jiki, sai mutuwa. Mai shi ya ce ƙurji ne ya kashe, alhali kafso ne.

Abin takaici, magungunan da suka fi haɗari su ne suka fi yawa a kemis da teburin masu tallar magani ranar kasuwar Lahadi. Ga su: penisilin da duk danginsa, wato amfisilin da amoksisilin, waɗanda ake sayarwa da sunaye irin su Ampiclox, Amoxil da Augmentin, allurar Pen-Strep da ake yi wa awaki da tumaki, eritromaisin, linkomaisin, kilindamaisin, da tailosin na kaji. Kafson ja da yalo ma ba abin amincewa ba ne. Maganin da ya tashi akuya na iya kwantar da ɓeran Masar.

Haka nan ba a tsagawa da reza, ba a yin sakiya ko lalas, domin manyan jijiyoyin jini na kwance a wuyan, kusa da ƙurjin. Ba a zuba baƙin mai, kananzir, toka ko fiya-fiya a miki, saboda dabbar za ta lashe. Maganin ciwon kai na mutane kuma ba a ba ta da ka.

Abin da ya dace a yi a gida kaɗan ne, amma yana da amfani: a ware mai ƙullutun a kwali ko keji daban, da mazubin ruwansa daban; a ci gaba da ba shi ɗanyen ganye; a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi. Ƙwayar cutar wuyan nan takan kama mutum jefi-jefi, kuma idan ta kama tana yin tsanani, don haka a hana ƙananan yara, tsofaffi da masu ciwon suga wasa da mugunyar.

Ina za a nufa daga Jibiya?

Matakin farko shi ne sashen kula da dabbobi na ƙaramar hukuma ko wani likitan dabbobi mai zaman kansa. A tuna akwai bambanci tsakanin mai sayar da maganin dabbobi, da malamin dabbobi, da cikakken likita mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya. Tiyata aikin likita ce. Idan abin ya fi ƙarfin gida, birnin Katsina na da nisan kilomita arba'in da 'yan kai. Abin da ke buƙatar hoton ƙashi, sikanin ko gwajin tsokar da aka yanko, asibitocin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato sun fi kayan aiki. Idan cutar ta bi garke tana kisa, likita na iya aika samfur zuwa Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato.

Wanda ke da 'yan uwa a Ɗan Isa ko Maraɗi zai iya tunanin tsallakawa can. Sai dai ratsa iyaka da dabba mai rai, balle maras lafiya, yana ƙarƙashin jami'an killace dabbobi da tsirrai, kuma suna da ikon hanawa. Ga kuma halin iyakar kanta: an rufe ta a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, Najeriya ta buɗe a Maris na 2024. Jinyar ƙurji na buƙatar komawa wurin likita sau biyu ko uku, saboda haka kowa ya nemi likitan da ke ɓangarensa. Kafin a biya kuɗin mota, a fara aika hoton da bayanin ta WhatsApp a tambaya ko likitan na karɓar irin wannan dabba.

Tafiya da shi

Asalin wannan dabba tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, ƙasashe irin su Feru da Bolibiya, inda ake da sanyi. Ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 24, kuma da zarar an haura 30 tana cikin haɗari. Bazarar Jibiya kuwa tana wuce 40. Ga shingayen bincike a hanyar Katsina da ke sa mota tsayuwa cikin rana. Don haka a tashi da sassafe. A sa shi a kwali mai huji da yawa, a shimfiɗa ciyawa mai laushi, a naɗe daskararren fiya-wata a tsumma a ajiye a kusurwa guda, a jefa yankan kokwamba ko kankana a madadin ruwa. Kwalin ya zauna a cinya, ba a but ba, kuma ba a leda ko buhu ba. Kada a hana shi abinci don za a yi tiyata. Ɓeran Masar ba ya amai, kuma doguwar yunwa cutarwa ce gare shi. Likita ne zai faɗi lokacin da za a janye abincin.

A gaban likita

Yawancin aikin likitocin yankinmu shanu ne, tumaki, awaki da kaji. Ba raini ba ne mai kiwo ya tuna wa likita cikin ladabi: "Likita, ranka ya daɗe, an ce wannan dabba ba ta ɗaukar dangin penisilin. Wane magani za a ba ta?" Likitan kirki zai ji daɗin tambayar. Ka miƙa masa rubutun awonka, ka faɗi shekarun dabbar, abin da take ci, ko an sayo wata sabuwa kwanan nan, da duk maganin da aka riga aka ba ta. Kada a ɓoye wannan na ƙarshe don kunya.

Abin da ake sa ran zai yi shi ne ya auna nauyi, ya leƙa baki, sannan ya soka siririyar allura ya zuƙo abin da ke cikin ƙullutun. Wannan ɗan gwaji mai araha shi ke rarrabe mugunya da ruwa da kitse da tsoka, musamman idan aka duba a na'urar hangen ƙwayoyin cuta. Idan ƙurji ne, mafi inganci a sa dabbar barci a cire shi da jakarsa gaba ɗaya. Idan wurin bai ba da dama ba, sai a buɗe, a kwashe, a bar bakin a buɗe ana wankewa. Magungunan da aka saba amfani da su ga wannan dabba sun haɗa da enrofuloksasin, wanda ake sani da Baytril, da irin haɗin da ke cikin Septrin, sai meloksikam don rage zafi. Adadin ya dogara da nauyi, kuma dabbar da ba ta kai kilo ɗaya ba ɗigo kaɗan ke raba magani da guba, don haka likita ya rubuta, ya kuma nuna maka a jikin sirinji.

Kafin ka fito ka tambayi abu uku: nawa aikin zai ci gaba ɗaya, yaushe za a dawo, kuma wace alama ce za ta sa ka kira shi cikin dare.

Jinya a gida

Idan an bar mikin a buɗe, a tafasa ruwa rabin lita, a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, a bar shi ya huce, a riƙa wanke ramin da sirinji maras allura safe da yamma. Burin shi ne ya cike daga ciki. Idan baki ya rufe da wuri mugunya za ta sake taruwa. A rufe kejin da gidan sauro saboda ƙudaje. A kammala kwanakin magani ko da an ga sauƙi, amma idan zawo ya ɓullo ko ya daina ci, a tsaya a kira likita nan take. Wanda ya ƙi ci da kansa, a niƙa ɗanyar ciyawa da ganye da ɗan ruwa, a yanke bakin ƙaramin sirinji, a riƙa ɗura masa kaɗan-kaɗan ta gefen baki kowace awa uku ko huɗu, yana tsaye a kan ƙafafunsa don kada ya shaƙe.

Rigakafi

Ciyawa mai laushi ta zama ita ce mafi yawan abinci, a kuma tsince ƙarangiya kafin a zuba. A kullum a haɗa da ɗanyen ganye. Babba na buƙatar kimanin miligiram 10 zuwa 30 na bitamin C a rana, mai ciki da maras lafiya sun fi haka. Tattasai, zogale, kabeji da gwaiba duk suna da shi, kuma albarkacin noman rani na madatsar ruwan Jibiya ba su cika yankewa a kasuwa ba. A guji albasa, tafarnuwa, ganyen tumatir, ganyen dankalin Turawa da tumfafiya. Abincin kaji ba nasa ba ne. Kada a haɗa shi keji ɗaya da zomo, kada a tara manyan maza a wuri matsattse. Daɓen keji ya zama shafaffe, busasshe, ana sauya shimfiɗa. Sabon da aka sayo ya yi mako biyu zuwa uku shi kaɗai kafin a haɗa shi da na gida. Kowace Juma'a a laluba jikin kowa, a ɗora shi a sikeli.

Maganar kuɗi

Kowa ya san kuɗin mota zuwa Katsina da dawowa na iya fin kuɗin dabbar kanta. Amma lissafin bai tsaya kan guda ɗaya ba. Ƙurjin wuya ɗaya da ya fashe na iya bin keji gaba ɗaya, kuma gwajin allura guda na iya nuna cewa kitse ne kawai, a huta da sayen magani. Dabbar da aka kula da ita tana kai shekara 5 zuwa 7. Wanda ya kulle rai a keji kuma, haƙƙin ci da sha da lafiyarsa na wuyansa.

Idan likita ya ce abin ba mai warkewa ba ne, dabbar kuma na shan wuya, a bar shi ya sauƙaƙa mata, a binne gawar da zurfi inda kare ba zai tono ba, a wanke kejin da ruwan bilic a shanya a rana. Kada a kai mai ƙullutu kasuwa, kada a ba ɗan maƙwabci kyauta, domin cutar ce ake raba wa mutane. Sannan tun yau, kafin komai ya fito, a kwafi sunayen magungunan nan masu haɗari a takarda a liƙa a jikin keji, a kuma ajiye lambar likitan dabbobi mafi kusa a wayar babban gida.